Gishirin Maƙwabta

Ƙafafun kakana Malam Gwadabe sun fara kumbura ne a daminar da ta biyo bayan zuwan Sarauniya Kano. Ni na fara gani, don ni nake zuba masa ruwan alwala. Ni ce Turai, jikarsa. Tun ina 'yar mitsitsiya aka kawo ni riƙo gidansa a nan Wudil, kuma tun da idon Iya matarsa ya yi yana, tukunyar gidan ta dawo hannuna. Da hantsi in ɗauki tasar soyayyen kifi in yi bakin kasuwa, da la'asar in dawo in ɗora tuwo.

Ran da na lura na ce masa, "Angona, waɗannan ƙafafu ne ko turmi biyu aka dasa maka?"

Ya ce in kama bakina, ƙiba ce, jin daɗi ne ya yi masa yawa ya gangaro ƙasa. Na sa yatsa na danna ƙwaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, kamar an danna malmalar tuwo. Na ce ni dai ban taɓa ganin ƙibar da ta bar wuya kamar na zakara ta je ta tare a idon sawu ba. Ya kawo min duka da carbi, na goce.

Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Aka jiƙa sassaƙe ya sha har bakinsa ya yi baƙi. Ƙafa dai sai ƙara cika take, kuma daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Na sa shi gaba da mita safe da yamma, har ya ce zai je asibitin don kunnensa ya huta, ba don ciwo ba. Muka ɗora shi a jaki da sassafe, muka bi ta bayan gari, wai kada a gan shi.

Malamin asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, Malam Isyaku, wani siriri ne mai gashin baki wanda ba ya dariya. Ya danna ƙafar kamar yadda na danna, ya saurari bayan Kaka yana ce masa ya ja numfashi, sannan ya tambaya wa ke yi masa girki. Na ce ga ta a gabansa. Ya ba ni kwalbar magani ya nuna min yadda za a riƙa sha, ya ce amma maganin ba zai yi komai ba in ba a gyara tukunya ba. Ruwa ne ya taru a jikin tsohon, zuciyarsa ta gaji da turawa, gishiri kuwa shi ke riƙe ruwan. Saboda haka ba gishiri, ba kanwa, ba kilishi, ba yajin tsire. Na ce ko ɗan barbaɗe? Ya ce ko ƙamshinsa.

"In watan gobe ya tsaya ku dawo," in ji shi. "In na danna na ga bai sace ba, lori zan sa shi a kai shi babban asibiti a Kano. A can za su kwantar da shi."

Kaka ya saki rigarsa ya rufe ƙafar. Yana da ƙane da aka taɓa sawa a lori haka, kuma bai dawo ba, a can aka binne shi cikin baƙi, ba wanda ya san kabarinsa a gidanmu. Gaskiya dai shi wancan ɗin ya riga ya yi nisa kafin a ɗauke shi, amma je ka faɗa wa Kaka haka. Sai da muka kusa gida ya tsayar da jakin.

"Turai, in tafiyar ce ta zo, ta same ni a ɗakina. Kada ki bari a sa ni a motar nan."

Na ce ba mai sa shi, in dai ni ke riƙe da ludayi. Sai kuma ya ƙara da cewa kada kowa ya ji. Ciwon namiji ba kifi ba ne da za a ɗora a ka a zaga gari da shi. Sai da ya sa na yi masa alkawari sannan ya kaɗa jakin. Daga ranar ya koma sa babbar rigarsa mai jan ƙasa, in ya zauna ya tattara ta ya rufe ƙafafun ruf.

To, wanda bai taɓa yin miya ba gishiri ba, kada ya yi min magana. Ta farko kuka na kaɗa. Iya ta ɗanɗana, ta tambaye ni ko ƙwarya na wanke a cikin tukunyar. Kuɓewa ba kanwa ta ƙi yauƙi, ta tsaya tsululu tana kallona. Wake kuwa, na ɗora tun hantsi, har aka kira la'asar yana nan kamar tsakuwa, itacen kwana uku ya tafi a banza, idona ya yi jajir don hayaƙi. Na zauna a bakin murhu na zagi waken, na zagi mai gashin bakin, na zagi ƙafar.

Amma ni ba a kayar da ni a kan tukunya. Na fara gasa daddawa a garwashi kafin in daka, ƙamshinta ya fito ya cika gida. Na riƙa soya albasa da man gyaɗa har ta yi ja. Na gane tsami yana rufe bakin da gishiri ya bari, sai na koma yakuwa, in tafasa ta in zubar da ruwan farko tun da ba kanwar da za ta kashe mata kaifi, wata rana kuma ɗan ruwan tsamiya. Citta, masoro, kanumfari, kimba, duk na tara su. Wake in jiƙa shi tun jiya. Ina da mutane a cikin masuntan bakin kogi, sai in zaɓo tarwaɗa tana motsi, in yi taushe da kabewa da gyaɗa in saka ta a ciki. Iya dai ta ce ita ba ta da ciwon komai, saboda haka nata gishirin a ƙoƙonta take barbaɗawa. Amma ran da na yi taushen nan sai da ta ci rabi kafin ta tuna.

Kullum bayan magariba in zuba wa Kaka a akushinsa, in rufe da faifai, in ajiye masa a zaure. Kullum akushin ya dawo a sude tas. Na fara tafiya ina ɗaga kai a tsakar gida. Na ce wa Iya ta shaida, ni Turai na yi abin da wanzami ya kasa.

Sai dai ƙafar ba ta san da wannan labari ba. In na zuba ruwan alwala in duba, tana nan yadda take, har wani sheƙi ta ƙara. Maganin yana sha, a gabana yake sha, yana yamutsa fuska. Na ce to akwai mai yi min zagon ƙasa a gidan nan. Na bari Iya ta shiga bayan gida, na faɗa ɗakinta na birkice tukwane da kwalla. Abin da na samu kawai 'yar kanwar da take haɗawa da tabarta. Ta fito ta same ni dumu-dumu, ta ce au, yanzu ita ce za ta kashe mijinta, bayan ta zauna da shi tun ba a haifi uwar da ta haife ni ba? Muka yi ta yi har kaji suka watse. Ranar ba ta ci tuwona ba, sai da na dama mata fura na durƙusa.

Ana cikin haka sai gishiri ya fara zuwa gidanmu da ƙafarsa. Wata safiya yarinya ta yi sallama daga gidan Baba Maikano, maƙwabcinmu dillalin shanu, da ƙoƙo a rufe. Wai in ji Inna Rahmatu matarsa, a taɓa, ba yawa. Na buɗe na ga gishiri fari fat. Na ce ikon Allah, na yi godiya na ajiye. Washegari daga gidan Baba Wali mai kwalekwale aka aiko da guntun gishirin ɓalma a naɗe a tsumma. Kafin Juma'a gidan Malam Dalhatu mai ɗinkin hula sun aiko da manda, baƙin gishirin nan, har da 'yar kanwa ungurnu a gefe. Ba wanda ya ce ga dalili. Gidan da aka hana gishiri ya zama gidan da ya fi kowane gida gishiri a unguwar.

A bakin rijiya Inna Rahmatu ta ja ni gefe. Mace ce ƙatuwa mai murya, amma ranar sai ta yi ƙasa da ita, ta riƙe hannuna. Ta ce 'yar nan, kowa yana shiga wani hali, kuma maƙwabci ɗan'uwa ne, in abu ya yanke a gida ba sai an bari maza sun ji a bakinsu ba, in aiko kawai, ba mai ji. Na tsaya da guga a hannu ina kallonta. Maza sun ji a bakinsu? Waɗanne maza?

Sai a lokacin tabarmar ƙofar gida ta faɗo min a rai. Tun da na buɗe ido nake ganinta, shi ya sa ma ban gan ta ba. Kaka ba ya cin tuwo shi kaɗai. Ciyayya suke yi, shi da Baba Maikano da Baba Wali da Malam Dalhatu. Bayan magariba kowa a fito masa da akushinsa daga gidansa, su jera a tabarma ɗaya, a buɗe na wannan kowa ya sa hannu, a gama a jawo na wancan.

Da yamma na ajiye akushi, na maƙale a bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Namu aka fara buɗewa. Baba Maikano ya yi loma biyu da fuskar mai shan maɗaci, ya ce Allah ya yi albarka, ya janye hannu. Malam Dalhatu ma haka. Kaka kansa, wanda na ƙone yatsuna dominsa, loma uku ya yi. Baba Wali ne ya jawo akushin gabansa ya share shi, shi da ko dafaffen takalmi aka ba shi zai ci ya sude hannu. Ashe duk kwanakin nan mai kwalekwale nake yi wa magani. Sannan aka buɗe na Inna Rahmatu. Kuɓewa ce ta sha kanwa tana yauƙi har gwiwar hannu, man shanu yana yawo a kai, ga busasshen nama. Na ga Baba Maikano yana tsamo naman yana turawa gaban Kaka, Kaka kuwa yana kaiwa baki yana lumshe ido. Aka gama aka jawo na uku, aka jawo na huɗu.

Da safe na bari ya sha magani, na tsaya a kansa na ce, "Tsoho, ni kake yi wa wayo ko ƙafarka?"

Bai ko musa ba. Ya ce shi bai taɓa sa gishiri a akushinsa ba, abin da aka ce ke nan. Na ce daga yau a ɗaka zai ci. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando.

"Ni da Maikano muna cin tuwo a tabarma ɗaya tun ubanki bai san damansa da hagunsa ba. Yau in shige ɗaka in ci ni kaɗai kamar ɓarawo? A ce me ya same ni?"

Na ce to ya fita, amma ya ci namu kawai, ya bar na sauran. Ya ce lallai talla ta cinye min hankali. Mutum ya buɗe akushinsa ka janye hannu, ai ka ce matarsa ƙazama ce ke nan, ko kuma kana zargin an yi maka barbaɗe. Gara ya zagi Maikano a tsakiyar kara, kasuwar shanu, da ya yi masa haka. Na ce to ya faɗa musu gaskiya mana. Ya ce in tuna alkawarina, ya juya min baya ya kama carbi.

Na ce bari in bi ta ciki. Da la'asar na dama masa fura da nono ƙwarya guda, na kawo dafaffiyar kabewa, na ƙara da dankali, na zauna ina yi masa kirari har ya cinye. Na ce yau dai in ga inda zai sa tuwon mutane. Ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya fita bayan magariba ya ci akushi huɗu kamar wanda ya kwana a gona. Abin da na ƙaru da shi kawai wanke-wanke.

Sai na tafi wurin Inna Rahmatu, don in ta juya, sauran matan za su juya. Matsalar ita ce ba ni da izinin faɗin dalili. Na gaishe ta, na tambayi gajiya, na tambayi yara, na yabi tuwonta, sannan na lallaɓa na ce ko za ta ɗan rage gishiri da kanwa a akushin da ake fitarwa waje. Ta ajiye muciya a hankali. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce wato ita ta aiko min da gishiri don rufin asiri, ni kuma na zo har gida in koya mata girki, ni da mazan unguwa ke haɗiyar miyata suna karanta addu'a. Ta ce tun ina zanen goyo take tuƙa wa Maikano tuwo bai taɓa cewa ya yi gishiri ba. Na ja zanena na fito. Da na leƙa da yamma, miyar dage-dage ta yi, kuma daga inda nake ina ganin Malam Dalhatu yana kurɓar ruwa bayan kowace loma.

Wata kuwa yana ta ƙanƙancewa. Kaka ya daina iya sujada, a zaune yake salla. Wata safiya na shiga da buta na same shi ya jingina da bango, bakinsa a buɗe yana neman iska kamar kifin da aka jefo kan yashi. Da ya gan ni sai ya gyara zama ya ce me nake kallo, ban taɓa ganin kyakkyawa ba? Na durƙusa na zuba masa ruwan alwala.

Ranar da yamma ban ajiye akushi a zaure ba. Na wuce da shi har tabarma, na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kasuwa, na tambayi ruwa, na tambayi iyali. Sannan na ƙi tashi. Baba Maikano ya ce amaryar Gwadabe yau ta biyo tuwon ne ta ga wa ke cinye mata? Suka yi dariya. Ya buɗe akushinsa, ya tsamo hanta ya tura gaban Kaka. Na sa faifai na rufe akushin. Kafin kowa ya yi magana na kama bakin rigar Kaka na yaye har gwiwa.

"Ku duba. Malamin asibiti ya ce gishiri da kanwa ne ke riƙe masa ruwan nan. Ba babu ce ta hana ni sawa ba, gishirinku yana can jibge a ɗakina. In wata ya tsaya bai sace ba, lori za a sa shi zuwa Kano. Ina ciki ina tsamewa, kuna waje kuna zubawa."

Baba Wali yana riƙe da loma a iska, miya tana ɗiga. Can Baba Maikano ya share hannunsa a gefen akushi ya ce, "Ai mun ga ƙafar tun tuni, 'yar nan. Bai faɗa ba, mu kuma ba ma tambaya ba. Shi ya sa muke tura masa naman, ko ya samu ƙarfi."

Wallahi ji na yi kamar in kwanta a tabarmar in yi birgima. Shi yana ɓoye abin da kowa ya gani, su suna ɓoye cewa sun gani, matansu suna ɓoye cewa suna taimakon matalauta, ni kuma ina cikin hayaƙi ina gasa daddawa. Dattawa huɗu da gemu, kunya za ta sa su kashe ɗayansu da hanta.

Kaka ya ja rigarsa ya rufe ƙafa. Ya wanke hannu, ya dafa sanda ya miƙe. Malam Dalhatu ya kai hannu zai taimaka masa, ya kauce. Ya shige gida bai dubi kowa ba.

Washegari bai yi min magana ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Da magariba ya aiko Iya ta ce in kai masa tuwo ɗaka. Abin da na roƙa tun farko ke nan, na samu, amma loma biyu ya yi ya ture. Kashegari ko buɗewa bai yi ba. Iya ta ce to ga shi nan, na raba shi da gishiri na raba shi da mutane, sai in dafa kaina in ba shi. Na zauna a bakin murhu ina tunanin ko kumburi ne zai kai shi lori ko yunwa.

A rana ta uku bayan magariba muka ji sallama a zaure, da ƙarar shimfiɗa tabarma. Muryar Baba Maikano ta taso har tsakar gida.

"Gwadabe, fito, tuwo yana hucewa. In ba ka fito ba Iya ta ja mayafi, mu shigo."

Kaka ya ce wa bango a miƙo masa sandarsa, na miƙa. Na bi bayansa da akushi na koma maɓoyata. Ba wanda ya ambaci ƙafa, ba wanda ya ambaci asibiti. Maganar shanun da aka kawo kara suka yi, da yadda kogi ya fara ja baya. Aka buɗe akushin Baba Maikano, Kaka ya kai loma, na ga ya tsaya da tauna. Ya dubi Maikano, Maikano ya dubi rufin zaure. Ba gishiri. Na Baba Wali ba gishiri. Na Malam Dalhatu ba gishiri. Kuma duk ba su ciwuwa, don matan cire gishirin kawai suka yi suka bar miya tsirara, irin tawa ta ranar farko. Haka dattawan nan suka yi ta turawa suna haɗiya da ƙyar. Da aka zo kan namu, taushe ne da tarwaɗa, sai ga hannu huɗu suna karo. Baba Wali ya nemi jawo akushin gabansa yadda ya saba, Malam Dalhatu ya riƙe gefe.

Da safe Inna Rahmatu ta aiko wai in zo in taya ta tsintar wake. Na je na tarar ba wake a gidan. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wannan abin da nake gasawa da yamma yana damun mutane da ƙamshi, mene ne? Na ce au, Inna, ni da maza ke haɗiyar miyata da addu'a? Ta ɗaga muciya ta ce in ban zauna na nuna mata ba za ta fasa min kai. Na zauna. Kafin azahar matar Baba Wali da ta Malam Dalhatu sun shigo, wai wucewa suke yi. Na nuna musu gashin daddawa da suyar albasa da yadda ake zubar da ruwan yakuwa. Inna Rahmatu tana yi tana cewa ai duk ta san wannan, mantawa ta yi.

Ba wai mazan sun tuba da gishiri ba ne. Kowannensu in an tashi daga tabarma sai ya shiga gida a zuba masa na tukunyar iyali ya ci na biyu. Kowa ya sani, har Kaka, kuma ba mai faɗa. Baba Wali har wuyansa ya yi kauri.

Ƙafar kuwa ta fara saki. Fatar ta daina sheƙi ta fara tattarewa, Iya ta fara ƙorafin ya hana buta hutawa. Ya koma yi min magana, da faɗa ya fara, wai na cika barkono. Amma ƙafar dama ta ƙi bin ta hagu, kuma ana cikin haka aka ce an ga wata.

Muka koma asibiti, wannan karon ta tsakiyar gari. Malam Isyaku ya danna ta hagu, ya gyaɗa kai. Ya danna ta dama, ya tsaya yana kallon wurin, ya sake dannawa a sama. Ya saurari bayansa ya daɗe. Kaka ya ƙura wa ƙofa ido, ta inda ake hango titi.

"Ba Kano wannan karon," in ji Malam Isyaku. "A ci gaba da magani, duk tsayuwar wata a kawo shi in gani."

Kaka ya sauke numfashi, ya yi hamdala a hankali. Sai ya tambaya, to shi gishirin sai yaushe? Malam Isyaku ya ce, "Kai da gishiri kun yi sallama ke nan, Baba. Ran da ya dawo, kumburin zai dawo."

A hanya Kaka ya ce in an tambaye ni in ce saura kaɗan. Wai mutane sun yi haƙuri na 'yan kwanakin nan, amma ba a ɗora wa gidaje uku wahala har iyakar rai, da kunya. Na ce ni na gama dakon kunyar dattawa, wuyana ya gaji. Na sauke shi a zaure, na ɗaure jaki, na zarce gidan Inna Rahmatu na faɗa mata yadda aka yi, tun daga ba Kano har zuwa ba gishiri har abada.

Ta ce alhamdulillahi da farko. Sannan ta zauna a kan turmi ta yi tagumi, ta ce wato ita da tukunya biyu ke nan kullum har ta mutu. Ta leƙa ta katanga ta kira sauran biyun. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, ni ina tsaye ina jiran a yaba min. Da suka gama Inna Rahmatu ta juyo ta ce sun yanke shawara. Kowace za ta riƙa tuƙa tuwon mijinta yadda ta saba, za su kuma riƙa aiko da kabewa da albasa da itace. Miyar tabarma kuwa, ta mutum huɗu, a gida ɗaya za a riƙa yi, tun da an ce akwai wadda ta fi kowa iyawa.

Na ce ina da talla fa. Ta ce in tashi da wuri. Na ce tukunyata ƙarama ce. Ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙatuwa ta suna, ta ɗora min a ka, ta ce in kula da bakinta, ta fi ni shekaru, kuma Maikano ba ya son yakuwa ta yi yawa.